Kalmar Sirrin Alhaji Mika'ilu

Tudun Wada, Zariya
Talata

Zuwa ga Bahijja, Maman Ashraf,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jego, ya ruwan zafi? Ɗan saurayin nawa yana barin ku ku runtsa kuwa? Ki gaishe min da Inna da kyau. Na rubuto ne maimakon kira don na san a gabanta kike amsa waya, wannan kuwa ba maganar kunnen suruka ba ce.

Bahijja, na jawo wa kaina. Kin san kwamfuta ɗaya ce a shagonmu, ita ke tura zane zuwa injin surfani. Maigidana Alhaji Mika'ilu ya buɗe wa kowa akawun ɗinsa: nasa, na Auwal babban telanmu, da nawa. Shekaranjiya na samo sabuwar manhajar zane, na ce bari in sa a nawa ɓangaren in burge Alhaji. Na ɗauka abin da mutum ya sa a akawun ɗinsa nasa ne shi kaɗai. Ashe hawa ta yi kan tsohuwar, ta danne ta ga kowa. Yanzu zanukan Alhaji na shekara tara ko ɗaya ba ya buɗuwa, ga ankon kaftani talatin na wani biki a Gyallesu ranar Asabar.

Ba ma wannan ne ya fi tsinka min zuciya ba. Kwamfutar ba ta yarda a sa komai sai da kalmar sirrin Alhaji, ni kuwa ba a taɓa ba ni ita ba. Yatsunsa na riƙa kallo har na haddace ta. Yanzu ko tari Alhaji ya yi sai gabana ya faɗi. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Salmanu

Alhamis

Bahijja tawa,

Ina fata kun tashi lafiya, ke da yaro da mutanen gida.

Hyacinth mai gyaran kwamfuta ya zo jiya. Ya cire tawa, ya mayar da tsohuwar, zanukan sun dawo. Ban gama hamdala ba ya nuna wa Alhaji cewa da kalmar sirrinsa aka yi aikin. Auwal kaɗai Alhaji ya taɓa ba ita. Nan take ya karɓe makullin shago daga hannunsa, ya ce ya je gida ya huta. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya a wurin, mai 'ya'ya biyar!

Auwal ya rantse bai yi ba. Ya gan ni ranar a gaban kwamfutar, amma kallona kawai ya yi sau ɗaya, ya ɗauki hularsa ya fita. Ina tsaye da almakashi a hannu, na ci gaba da yankana. Tsoro nake ji, Bahijja. In na yi magana, me zan ciyar da ku in kun dawo? In na yi shiru, da wane ido zan kalle shi a masallaci?

Mijinki,
Salmanu

Lahadi

Maman Ashraf,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Ya jikinki?

Na faɗa wa Alhaji gaskiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Ya aika aka kira Auwal, ya ba shi haƙuri a gabana, ya mayar masa da makulli. An kai anko a kan lokaci.

Jiya da safe Alhaji ya zauna zai sa kalmar sirri a kwamfutar, ina gefe ina yanka. Sai ya dakata, ya kira sunana a hankali, ya roƙe ni in ɗan fita waje tukuna. Mutumin da ya yi min waliyyi ranar aurenmu. Na tsaya a bakin titi 'yan acaɓa suna wucewa, har sai da ya ce in shigo. Wallahi da marina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Ki shafa min kan yaro.

Naki,
Salmanu