Kaskon Yaya Sani

Daren Laraba, Maska

Yaya Sani ya ƙi amsa sallamata bayan isha'i. To, ya riƙe abarsa.

Da safe sanyi ya kama motar ƙugiya, ta ƙi tashi, ga mutanen gari sun taru suna jiran in ɗora musu tankin ruwa a kan hasumiya. Sai ga Yaya da kaskon garwashi, zai tura ƙarƙashin injin kamar yadda yake yi wa tsohuwar taraktarsa. Na sha gabansa. Wurin nan duk tiyon mai ne.

Ya ce, "Ni za ka kunyata a gaban jama'a, Lawal?"

Na ce, "Yi haƙuri Yaya, wuta ba za ta shiga ƙarƙashin motar nan ba."

Da ta tashi, na bar ta tana aiki a hankali har mai ya saki jiki. Na kafa ƙafafunta, na ɗaga hannun ba kaya na sauke, sannan na taɓa tankin. Kafin in gama har an laƙaba mini suna, wai Sai-ta-ji-ɗumi.

Su yi ta kira. Da a ce wuta ta kama, ai shi ne a durƙushe a wurin. Gara ya ƙi amsa sallamata da a ce ya kasa amsawa.