Tabarmin Juma'a Sun Ƙi Fitowa Sai Janar Ya Zo

Malama Ummul-Khairi, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a ta zagayo, domin in ta same ni a haka ban san inda zan sa kaina ba. Ki ɓoye sunana, ko da yake duk ɗalibin da ke zaune a unguwar Abbasiyya a nan Alƙahira yana karanta layi biyu zai gane ni.

Daga Kaduna na zo bana, ina gyara Larabcina kafin in shiga jami'a. Mu uku muke haya. Akwai Maman, ɗan Damagaram, wanda ya fi mu daɗewa, shi ke hulɗa da mai gida, sai Giɗaɗo ɗan Yola mai karatun fiƙihu. Ni ban taɓa tambayar wane ne mai gidan ba, ban ga amfanin sani ba.

Kullum a babban masallacin Darrasa nake Juma'a. Wata rana na makara, sai na tsaya a 'yar zawiyar da ke layinmu, wato ƙaramin masallacin unguwa. Malama, zawiyar nan ba ta fi shago ba, don haka sahu kan titi yake fitowa, a kan korayen tabarmi. Abin da na gani ya hana ni natsuwa. Babu shinge, babu mai caje kowa. Ƙaramar bas ta wuce, madubinta ya kusa cire wa wani dattijo hula a sahun ƙarshe. Mai keke ya ratsa da tiren burodi a kansa yana kaɗa ƙararrawa, liman kuwa yana ta huɗubarsa kamar ba a yi komai ba.

Ki fahimce ni. A gida ni ɗan agaji ne. Na yi shekaru ina tsayuwa a shinge ranar Juma'a, a lokacin da ko buhun gawayi aka ajiye kusa da masallaci sai gaban kowa ya faɗi. Akwai abokan aikina da suka tsaya a irin wannan shingen ba su koma gida ba. Da zan taho na sa kakina da hulata da usur ɗina a ƙasan akwati, na naɗe kwalbar yaji da su. Inna ta tambaye ni abin da zan yi da kaki a ƙasar Annabi Musa, na ce mata ba a san ranar buƙata ba. To, sai na ga ranar ta zo.

Juma'ar da ta biyo na goge kakin, na ɗaura bel, na sauko da wuri tun ba a shimfiɗa komai ba. Na jawo benci biyu daga gidan shayin da ke kan kwana na tare layin. Direbobi suka yi ta hon suna faɗin maganganun da ba a koya mana a aji ba, ni kuwa ina nuna musu wata hanya da hannu. Gaskiya na ji daɗin kaina. Mutane sun fara taruwa ke nan sai ga wani tsoho mai ƙiba ya ɓullo yana turo kura, an lulluɓe ta da tamfol, ya nufo ƙofar zawiya kai tsaye. Da ya matso na ga zanen gicciye a wuyan hannunsa.

Malama, kaya a lulluɓe, ranar Juma'a, a ƙofar masallaci. Ke me za ki yi?

Na busa usur da duk ƙarfina. Na daka masa tsawa da Larabcin littafi, irin wanda ake ji a fina-finan tarihi, na umarce shi ya tsaya ya ɗaga hannu, na kuma yi wa jama'a shelar su ja da baya. Wasu suka ja, wani ya ruga ya bar takalminsa ɗaya. Tsohon ya ɗaga hannu yana kallona baki buɗe. Na lalube aljihunsa, na sami makullai da maganin hawan jini. Sannan na yi bismilla na yaye tamfol ɗin.

Tabarmin masallacin ne. Korayen nan.

Ashe sunansa Ammu Milad, Bakibɗe ne, wato Kiristan Masar, yana da shagon kayan lantarki a bayan layi. Zawiyar ba ta da wurin ajiya, shi ya sa tun zamanin mahaifinsa a shagonsu ake ajiye tabarmin. Duk Juma'a shi ke yayyafa wa titi ruwa, ya turo su, ya koma ya kashe rediyonsa har a idar. Kuma ashe shi ne mai gidanmu. Maman ne ya gaya mini wannan, daga taga, da Faransanci da Hausa a haɗe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk masallatan nan babu wanda ya goyi bayana. Liman, Shaikh Abdurrahim, ya fito ya rungume tsohon, ya sumbaci kansa a gaban kowa, ya ce tare suka yi firamare, tsohon nan ɗan Masar ne tun kafin a haifi kakan kakana, ni kuma wa ya aiko ni? Wani ya ce ƙasar ta isa da masu kaki, ba sai an yi odar wasu daga waje ba. Aka yi ta dariya. Ni da na baro gida ina ganin wajen 'yan'uwana Musulmi na zo, sai ga shi sun bar ni tsaye da usur a baki sun bi Kirista.

Tun daga ranar sunana ya ɓace. Janar ake kirana. Mai shayi yana sara mini, mai tumatir yana tambayata ko akwai izinin ya buɗe. Ammu Milad kuwa bai yi faɗa ba. Sai dai Juma'ar da ta biyo ya fito da kujera ya zauna a ƙofar shagonsa, kurar tana ciki, ya ce shi mai bin doka ne, tabarmi ba za su fito ba sai Janar ya zo ya caje shi. Aka aiko kirana, na sulale ta bayan gida na tafi Darrasa. Mutane suka yi salla a kan kwali da jaridu, kwalta tana gasa musu goshi. Juma'ar da ta wuce ma haka aka yi. Yanzu har waɗanda suka yi dariya sun daina, harara kawai nake sha.

A ɗaki kuma an rabu biyu. Maman ya ce tun farko ma salla a kan titi alfarma ce unguwa ta yi, ba haƙƙi ba ne, ga shi ana ta muhawara a talabijin kan hana Juma'a a ƙananan zawiyoyi, ni kuma na zo na ƙara wa masu son a hana hujja. Ya ce lokacin sabunta haya ya kusa, in ban gyara ba in tattara kakina in nemi wani ɗakin, khalas, magana ta ƙare. Giɗaɗo ya ce kada in kuskura in ba da haƙuri, niyyata mai kyau ce, kuma shi tun asali yana da shakka a kan tsarkin tabarmar da ta kwana a shagon wanda ba Musulmi ba. Sun yi musu har shinkafa ta ƙone.

Malama, laifina ne don na so in kare masu salla? Ya dace in ba shi haƙuri? In na je, da kaki zan je ko da jallabiya? Ba ni da inda zan koma in Maman ya kore ni.

Naki,
Ɗan Agajin da Ba a Gayyata Ba

*

Ɗana,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, musamman wajen maganin hawan jini. Amma da na zo kan abokanka da ba su koma gida ba sai dariyar ta tsaya. Tsoronka ba na banza ba ne. A inda ka koye shi ya ceci rayuka, kuma yaron da zai nufi kaya a lulluɓe da ƙafarsa don wasu su tsira ba abin rainawa ba ne. Ka riƙe wannan zuciyar, ina alfahari da ita.

Kuskurenka ɗaya ne, amma babba: ba ka yi tambaya ba. Ka ga layin sau ɗaya, ka yanke cewa ba shi da tsari, ka naɗa kanka. Alhali yana da tsari, ya girme ka, kuma mutumin da ka caje yana cikin masu riƙe da shi. Da ka gaisa da liman ka ce masa a gida kai ɗan agaji ne, ko akwai abin da za ka taimaka da shi, da tuni an haɗa ka da kurar nan.

Ka ce Musulmi sun bar ka sun bi Kirista. A'a. Sun tsaya wa maƙwabcinsu ne da baƙo ya kunyata a gaban jama'a, kuma addinin da ka zo karantawa shi ya koya musu haka. Ka ɗauka wani ɗalibi Balarabe ya sauka a unguwarku a Kaduna, ya tare tsohuwar da Inna ke aron turmi a wajenta, ya zazzage mata jaka don ya ga gicciye a wuyanta. Bayan wa Inna za ta bi? Ammu Milad ba baƙo ba ne da ake haƙuri da shi a Masar. Ƙasarsa ce. Mu ne baƙi, kuma an karɓe mu.

Maman yana da gaskiya a babban ɓangare. Hanya ta kowa ce: mai salla, da direba, da mara lafiyar da ake garzayawa da shi asibiti, da wanda ba ya salla sam. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa hanya haƙƙi, kuma a cikinsa akwai kamewa daga cutar da mutane. Sahun da ke fita titi yana ɗorewa ne da yardar unguwa, kuma yardar nan ta fi benci biyu ba da tsaro. Inda Maman ya yi gaggawa shi ne maganar kora, ka ce masa ni na ce ya ba ka zuwa Juma'a. Giɗaɗo kuwa ya koma babin tsarki. Asalin abubuwa tsarki ne sai an ga najasa, kuma shi da kansa ya sha yin sujada a kan tabarmin nan bai sake salla ba. Kyakkyawar niyya tana da lada, amma ba ta ɗauke wa mutum ba da haƙuri. Wanda ya taka ɗan'uwansa a sahu ma ba da gangan ba yana cewa ma'alish, wato a yi haƙuri.

Ga wata magana da ba ta wasa ba. A irin yanayin da ƙasar nan take ciki, baƙo ya sa kaki ya tare hanya, abu ne da zai iya cinye masa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasa, ko abin da ya fi iƙama. Ka gode wa Allah da unguwar ta mai da shi abin dariya ba a kira kowa ba. Kakin nan ya koma aikinsa na naɗe yaji.

Yanzu ka duba abin da tsohon ya yi. Na daɗe a cikin Misirawa, na san wanda ya yi fushin gaske ba ya tsayawa shirya wasan kwaikwayo da kujera. Da yana son ku tashi da ya faɗa wa Maman tun ranar. An kunyata shi a bainar jama'a, yana son a wanke shi a bainar jama'a, kuma ya zaɓi hanyar da kowa zai yi dariya, har da kai. Sai dai kowace Juma'a da ka gudu, goshin dattawa ne ke biya, kuma abin da ya fara da wasa yana iya zama gaba.

Don haka ranar Alhamis bayan la'asar ka sa jallabiyarka, ka roƙi Shaikh Abdurrahim da Maman su raka ka shagon. Ka ajiye Larabcin fina-finai, ka yi 'yar ammiyyar da ka iya, Larabcin kan titi, ko da a karye. Ka kira shi Ammu, wato baffa, ka ce ka yi kuskure, kada ka biyo da "amma". In ya ba ka shayi, zai kuma ba ka, ka sha, sannan ka ba shi labarin shingen Kaduna. Mutanensa ma sun san tsoron ƙofar wurin ibada, zai fahimce ka fiye da yadda kake zato.

Ranar Juma'a ka riga kowa sauka. In ya ce sai an caje shi, kada ka musa. Ka ɗaga gefen tamfol, ka leƙa da kyau, ka miƙe ka sara masa ka ce tamam, komai daidai. Ka ciro usur ɗin ka miƙa masa ya ajiye, shi ne mai layin. Sannan ka kama kurar ka tura ta da kanka har ƙofar zawiya, ka shimfiɗa tabarmin, bayan salla ka naɗe su ka mayar. Tsohon yana da hawan jini, kai kuma agaji kake nema ka yi. Ga shi nan ka samu.

Sunan Janar kuwa, ka yi haƙuri, ya zauna. Ko ka zama babban shehi ka dawo ziyara da furfura, mai shayin nan zai sara maka. Ka riƙa amsawa da murmushi, a Alƙahira ba a sa wa mutum suna sai an ɗauke shi ɗan unguwa.

Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya zaunar da ku lafiya da maƙwabtanku, ya jiƙan abokanka.

Malama Ummul-Khairi