Wane Gem Zan Saya wa Maigidana Mai Jinya?

Anti Jawahir, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma kada ki yi mini dariya. Na san wasiƙun da ke zuwa miki na rikicin aure ne da rabon gado, ni kuwa tawa a kan gem ce, wasan kwamfuta. Na rubuta na goge ya fi a ƙirga kafin na daure na aiko.

Ni malamar firamare ce, muna zaune a Kwaciri. Maigidana, bari in kira shi Abban Ruwaida, yana da shagon kayan injin ban ruwa a Sabon Gari. Farkon damina hawan jini ya kayar da shi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba zan ja ki da labarin asibiti ba. Alhamdu lillahi, Allah ya tashi kafaɗunsa. Magana ta dawo tas, yana takawa da sanda har masallacin layinmu, hannun ne dai har yanzu sai a hankali. Ranar da likita ta ce hatsarin ya wuce sai da na nemi benci na zauna ina ta hamdala. Har yau idan na jiyo gyaran muryarsa daga ɗaki sai in ji sanyi a raina.

To amma mutumin da aka sallamo mini ba ya dariya. 'Yan dubiya ba su gaza ba, Allah ya saka musu. Kullum falo cike. A zo da lemo da ayaba, a ce sannu, ya jiki, ya ce da sauƙi, a zuba wa kafet ido, a sake cewa sannu, a yi addu'a a tashi. Shi kuma yana zaune a tsakiya kamar kayan da aka kawo gani.

Yana da amini, Ebere, maƙwabcin shagonsa, haifaffen Sabon Gari, Hausar bakinsa ta fi tawa. Tun kafin a auro ni suke buga diraf, darar nan ta kan allo, a bakin shago idan kasuwa ta lafa. Ba wasan ne abin kallo ba, bakin ne. Ebere zai doka ɗa a kan allo kamar zai fasa shi, ya ce wa Abban Ruwaida ya koma gida ya koyi lido wurin 'yarsa tukuna. Shi kuma ya ce Ebere yana daɗewa a kan motsi ɗaya fiye da yadda fastonsu ke daɗewa a kan huɗuba. Ebere ne ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti ranar da ya faɗi, shi ne kuma yake sa ido a kan shagon har yanzu.

Bayan an sallame mu ya zo gida da allon, da kyakkyawar niyya. Ina kicin ina saurare, ban ji an ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Sai sannu Alhaji, a hankali Alhaji, yana tsinto masa 'ya'yan da ke suɓucewa daga yatsunsa. Kuma Ebere ya bar shi ya ci wasan, ya sake barin sa, irin barin da ko ni da ban iya wasan ba na gane da na leƙa. Abban Ruwaida ya ture allon ya ce ya gaji. Da Ebere ya tafi ya ce mini idan ya sake zuwa in ce barci yake. Tun daga nan a bakin ƙofa nake karɓar kankanar da Ebere ke kawowa dubiya, ina yi wa bawan Allah ƙarya, yana sane, yana yi mini godiya.

Kwanakin baya na kai masa shayi bayan la'asar, na tarar yana kallon bidiyo a waya. Wasu ne ke buga gem na dabarun yaƙi: ga taswira, ga 'yan ƙananan sojoji, wannan ya yi nasa motsin ya tsaya, wancan ya yi nasa, bi da bi, babu gaggawa, babu danne-danne da sauri. Anti, fuskarsa irin ta bakin shago ce. Har leɓensa na motsi, da alama yana gyara wa mai bugawar kuskure. Da ya gan ni ya kife wayar ya ce ba komai ba ne. Na san ba zai taɓa nema ba, don yanzu albashina ne ke riƙe da gidan, kuma abin yana cin sa.

Da na kwashi adashinmu na malamai na sayi magani, na biya kuɗin gashin ƙashi da na makarantar Ruwaida, ɗan abin da ya rage na ajiye a gefe. Na ɗauki tsohuwar laftof ɗin shago na kai wani shagon kwamfuta a Titin Ibrahim Taiwo. Mai shagon, Bridget, ta yi haƙuri da jahilcina ta nuna mini irin wannan gem ɗin guda uku.

Na farko babba ne. Za ka fara da ɗan ƙauye ka gina daula, da noma da fatauci da sulhu da yaƙi, kyansa kamar fim, wasa ɗaya sai ya ɗauki makonni. Da kwamfuta ake karawa, kuma ana iya sa ta a kan mai sauƙi yadda ba zai riƙa shan kashi ba. Ina jin shi ne na gani a wayarsa, ko ɗan'uwansa. Zai cinye kuɗin gaba ɗaya, kuma Bridget ta ce laftof ɗinmu za ta ɗauke shi amma da nishi. Na biyu tsoho ne, bai kai rabin kuɗin ba, zanensa kamar na littafin 'yan aji ɗaya. Runduna biyu ce a fili mai gida-gida, wasa ya ƙare tsakanin la'asar da magariba, kuma mutum biyu na iya bugawa a kwamfuta ɗaya, wannan ya gama ya miƙa wa wancan. Na uku na waya ne, kyauta, sai dai yana shan data, kuma kowane lokaci yana tallar sojojin sayarwa.

Zuciyata tana kan na farko. Ina so in ba shi abu mai kyau, kuma ba na so ya sake faɗuwa a komai, wanda ya yi ya isa. Idan na kawo mai arahar ina tsoron ya ga kayan yara na ɗauko masa. Ga shi idan an saya ba a mayarwa, kwasata ta gaba kuwa da nisa. Sannan akwai kunya. Yayyensa sun taimaka da kuɗin asibiti, idan Hajiya, mahaifiyarsa, ta ji na sa kuɗi a wasa, da wane ido zan kalle ta? Wani lokaci sai in ce in haƙura kawai in zuba a cefane. Amma sai in tuna fuskar nan. Anti, wanne zan saya, ko kuwa ni ce jinya ta taɓa wa kai?

Mai jinya, daga Kwaciri

*

'Yar'uwa, wa alaikumus salam. Ban yi dariya ba, ajiyar zuciya na yi. Wasiƙar da ta fara da asibiti ta ƙare da gardamar wane wasa za a saya, daga gidan da ya tsallake ta fito. Barka da arziki.

Mu fara kawar da kunyar. Kin sayi magani, kin biya gashin ƙashi, kin biya makaranta. Abin da ya rage guminki ne. Da turmin atamfa kika saya da shi babu wanda zai kira taron dangi. Idan Hajiya ta tambaya, ki gaya mata gaskiya: abu ne da zai sa ɗanta ya zauna ya yi tunani ya yi hira. Uwar da ta ga ɗanta kwance ba ya magana ba za ta yi miki shari'a a kan wannan ba. Idan ma ta yi, ta kwana biyu ce.

Na ukun ki manta da shi. Wasan da ke sayar da sojoji an gina shi ne don mutum ya ji haushin faɗuwa ya zaro kuɗi, kuma ba kya bukatar abin da zai riƙa tuna wa maigidanki cewa aljihunsa babu nauyi.

Na farkon kuwa ba zan kushe shi ba. Wasa ne mai kyau, kuma ɗan kasuwa zai ji daɗin ɓangaren fataucin. Mai jinya yana da dogayen ranaku, wasan makonni zai cike su. Amma nishin da Bridget ta ambata ƙaruwa yake yi. Yayin da taswira ke cika, kwamfutar na ƙara daɗewa a kan nata motsin, tana zafi, tana zuƙe batir, a garin da ba a yi wa kowa alkawarin wuta ba. Wannan ƙaramar matsalar ke nan. Babbar ita ce shi kaɗai zai buga. Mutumin da ya riga ya sa ana cewa barci yake, za ki ba shi daula guda ya shige ya ja ƙofa.

Sai batun sa kwamfuta a kan mai sauƙi. Ki sake karanta wasiƙarki. Abin da Ebere ya yi masa ke nan, sai dai na Ebere kyauta ne, ke kuwa za ki biya. Ba na ganin laifin Ebere. An koya mana mu sassauta murya a gaban mara lafiya, shi kuma ya ɗauki ladabin dubiya ya kai shi kan allon diraf, inda ba wurinsa ba ne. Abin da maigidanki ya ji shi ne amininsa ya cire shi daga cikin maza. Ba nasara ya rasa ba. Ya rasa wanda zai ga ya kai a doke shi.

Don haka na biyun za ki saya, mai munin nan. Diraf ya ɓaci a tsakaninsu na ɗan lokaci, domin dukansu sun san yadda yake bugawa a da, kuma kowane ɗa da ya suɓuce sai ya tuna musu. A sabon wasa babu wani lokacin baya da za a tuna. Dukansu 'yan koyo ne, hannun hagu ya isa, kuma Ebere ba zai iya barin wasan da shi kansa bai san yadda ake cin sa ba.

Kafin ki biya, ki koma da laftof ɗin. Ki sa Bridget ta tabbatar miki yana tafiya ba tare da intanet ba, yana adana wasa idan kwamfuta ta mutu, ana iya yin komai da maus, wato linzamin kwamfuta, kaɗai, kuma rubutun ya isa a karanta ba tare da an kafa hanci a allo ba. Wasan mutum biyun nan ki ga an nuna miki shi da idonki, kada ki karɓi labari. Na gaske za ki saya, ba kwafin sata da zai shigo wa kwamfutar shago da cuta ba. Daga canjin ki sayi maus mai cika hannu, sauran ki bar shi na motar zuwa asibiti. Ki kuma tambayi masu gashin ƙashi tsawon zaman da ya dace da shi. Gem ba ya maye gurbin atisaye, ba ya maye gurbin maganin hawan jini.

Yadda za ki ba shi ma yana da muhimmanci. Ban da jawabi, ban da idon tausayi. Ki ce kin sayo wasa kina neman abokin karawa, ki zauna ki yi iya ƙoƙarinki ki cinye shi. Wataƙila ba za ki iya ba, amma ya ga da gaske kike. Ki bar shi ya ƙware na ɗan lokaci. Ina kyautata zaton da kansa zai gaji da doke malamar firamare ya fara neman babban nama. Ranar da ya ambaci Ebere, ki kira Eberen ki gaya masa a fili cewa lokacin dubiya ya ƙare, wasa aka gayyace shi, kuma ya zo da bakinsa na kasuwa. Ina ganin shi ma zai sami sauƙi, don tausayin aboki kaya ne mai nauyi.

Idan kuma ya duba ya yamutsa fuska ya ce babban yake so, ki gode wa Allah. Mara lafiyar da ya fara zaɓe ya kama hanyar warkewa. Ki ce masa ya saya da ribar shago idan ya koma.

Ki shirya wa abu ɗaya. Wata rana zai sha kashi na gaske, zai yi fushi, zai ce an yi masa maguɗi, wataƙila har ya ɓata wa tuwonki rai. Kada ki lallashe shi. Ki tambaye shi kawai yaushe za a rama.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya mayar da shi shagonsa da ƙafafunsa, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki shafa mini kan Ruwaida.

Anti Jawahir