Falmata Ta Sa Fuskarta a Ruwa

Zuwa ga ƙanwata Kaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin kariyarsa a duk inda kike. Addarki ce, yayarki ta Rumde, Hajja Dudu, wadda kike cewa muryarta tana riga ta shiga gida. Mutanen gida suna lafiya. Maigidana Modibbo ya tsufa, gwiwa ta hana shi zuwa masallaci da ƙafa, amma bakinsa na nan yadda kika san shi.

Ban san inda zan aika miki ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Masu karatu su yi haƙuri da mu, maganar gida ce. Labari nake da shi a kan 'yarki Falmata, kuma ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Kin tuna shekarar gudu, lokacin da Jimeta ta cika har ta rasa inda za ta sa mutane? Tasha cike, makarantu cike, kowane zaure da baƙinsa. Modibbo ya dawo daga sallar la'asar ya ce in shimfiɗa tabarma, ga wata baiwar Allah daga Borno da yarinya. Kika shigo da zani ɗaya, ƙafafunki sun kumbura, Falmata ta ƙanƙame gefen mayafinki, ba ta wuce shekara shida ba. A raina na ce kwana biyu ne ku wuce. Sai da muka yi azumi biyu tare.

Ba a yi wata ba kika fara raina mini shayi. Kika ce wannan ruwan zafi ne aka nuna masa ganye daga nesa. Ni kuma na ce turaren wutarki zai kore mu daga gidan, har kajina sun fara ƙamshin amare. Ban taɓa samun wadda nake jin daɗin faɗa da ita kamarki ba.

Ranar da na fara yi wa Falmata wanka ba ta fita daga raina. Na ɗebo ruwa a kofi na kwara mata a ka, yadda nake yi wa nawa. Yarinyar ta sandare, idonta ya kafe, numfashinta ya tsaya, sai da kika rugo kika fizge ta daga hannuna. Da yamma muna tsinkar yakuwa kika ba ni labarin. Damina ce, kogin bayan garinku ya cika, ana harbi a bayanku, kika goya ta kika shiga. A tsakiya ruwa ya kai miki haɓa, ita kuwa da ke baya ya rufe ta gaba ɗaya. Kika ce, da Hausarki mai mai da mace namiji, "Adda, na ji ya daina motsi a bayana, kuma ba halin in tsaya." A gaɓa wata tsohuwa ta danna mata ciki har ta amayar da ruwan. Kina faɗa kina tsinke ganye, har da masu kyau kike jefawa cikin shara.

Kullum cewa kike ke kika jawo mata. Ni kuma in ce ke kika fito da ita. Ba ki taɓa yarda da ni ba.

Da labari ya zo cewa an ga mijinki a wani sansani a tsallaken iyaka, na hana ki tafiya, na yi masifa, na ɓoye miki takalmi. Kika yi dariya kika ari na Ummi, babbar 'yata. A bakin ƙofa kika ce, "Adda, ga amana. Kafin in dawo ka cire masa wannan tsoro." Wayarki ta shiga sau biyu bayan nan, daga baya ta daina. Shekara goma ke nan da ɗoriya.

Kaltume, ba abin da ban gwada ba. Modibbo ya yi tofi, ya yi rubutu ta sha. Na kai ta bakin Binuwai wajen masu wanki, ta juya wa kogin baya tana kallon masu sayar da rake. In za mu haye gada a Keke mai ƙafa uku, sai ta rufe ido ta sa kai a cinyata, har ta zama budurwa haka take yi. Alwala kuwa, tafinta take jiƙawa ta shafa fuska a gurguje. Na kai ƙara wajen Modibbo, ya ce in ƙyale yarinya, Allah ya san abin da ta gani. Wankin kai sai ta kwanta rigingine a kan benci in wanke mata ta baya.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta ambatonki. Yapendo take ce mini, ƙanwar uwa ko yayarta, kuma ban taɓa neman ta wuce haka ba. Amma da na soma cewa "mamanki ta kan ce," sai ta miƙe ta tafi duba tukunya, ko da ba komai a kan murhu. Na ji tsoron kada ki dawo ki tarar da 'yar da ta rufe ki a ranta, a gidana, a hannuna.

Yanzu ta gama makarantar jinya. Doguwa ce kamarki, ga wushiryarki, ga tsiwarki in ta ga dama. Ita ke auna wa Modibbo jini, ita kaɗai yake jin tsoro a gidan.

To, ga labarin. Ummi ta yi aure, aikin mijinta ya kai su ƙasar Tanzaniya. Bara ta haihu, na tafi zaman jego, na ɗauki Falmata don ta taya ni. Ni da ban taɓa wuce Saudiyya ba, sai ga ni ina cin ayaba dafaffiya da miya. Da aka yi arba'in, surukina ya ce ba za mu koma gida ba sai mun ga tsibirin Zanzibar. Ya ɗauko mana hayar jirgin ruwa ƙarami mai inji, namu mu kaɗai, mata zalla, don kada a haɗa mu da Turawa masu yawo da ɗan kamfai. Shi kuwa ya ce ba da shi ba. Bafillace ne na Mbamba, ina zai iya kallon uwar matarsa tana facal-facal a ruwa? Muka bar shi a gindin bishiyar kwakwa, rungume da jariri, kansa a ƙasa.

Mu biyar muka shiga, ni da Ummi da maƙwabtanta biyu da Falmata. Ban matsa mata ba, wallahi. Ita ce ta ce ba za ta bar ni in tafi ba ido a kaina ba, zan ba su kunya. Ta zauna a ƙasan jirgin, can tsakiya, ta ɗaure rigar hana nitsewa har wuya, idonta a kan yatsun ƙafarta. Mai tuƙin wani dattijo ne Musulmi, ya yi mana sallama ya mai da fuskarsa ga injinsa. Mai yi mana jagora kuma wata yarinya ce baƙa siririya, Zuhura.

Ruwan nan, Kaltume, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Mu da muka saba da Binuwai mai kalar kunu, sai ga ruwa garau, kana kan jirgi kana hango yashin ƙasa. Da muka yi nisa dattijon ya kashe inji. Zuhura ta raba mana wani tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu da ake cizawa a baki, bakinsa yana sama. Ka kwanta rubda ciki a kan ruwa, fuskarka a ciki, kana numfashi ta bututun kana kallon abin da ke ƙasa.

Kin san ni da baki. Na ce musu ni 'yar bakin kogi ce, tun ba a haifi iyayensu ba nake iyo. Ban gaya musu rabona da iyo tun kafin aurena ba. Duk suka sa dogon wando da riga da ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai. Ni na ce ba mai raba ni da babban hijabina mai jan ƙasa, ga namiji a jirgin. Ummi ta yi magana, Zuhura ta roƙe ni da hannu, Falmata ta ɗago kai ta ce in cire. Na ce yara ba za su koya mini sutura ba. A zuciyata kuma so nake Falmata ta ga tsohuwa kamata ta shiga ba abin da ya same ta.

Na sauka ta tsani ina bisimilla. Na sa fuska. Subhanallahi. Mu da ba mu san kifi ba sai a tire, a mace, da ƙudaje a kansa, sai ga su da ransu suna harkarsu. Wani mai ruwan ɗorawa da baƙin zane, wani shuɗi shar, wasu ƙanana garke guda suna juyawa tare. Duwatsun murjani a ƙasa, wasu da rassa, wasu a dunƙule. Wani kifi mai kumburarren baki ya tsaya yana kallona kamar Modibbo in an makara da abinci. Na manta da kowa, na bi su ina ta nisa da jirgin.

Ashe hijabin ya taso ya baje a saman ruwa. Igiyar ruwa ɗaya ta naɗo shi ta kifa mini a ka, ya toshe bakin bututun. Na ja numfashi, ba iska. Na ja kuma, sai ruwan gishiri. Na ɗago kai, yadin ya manne mini a fuska, ba na gani, hannuwana sun sarƙe a ciki. Rigar hana nitsewa tana jikina, amma a lokacin wa ya tuna da ita? Zuhura tana can ɗaya gefen jirgin da su Ummi. Na fara kalmar shahada a zuci, ina jin haushin a ce 'yar Rumde ta zo ƙasar mutane ta mutu da taurin kai.

Sai na ji an damƙi hannuna, damƙa mai zafi. Aka fizge yadin daga fuskata. Na buɗe ido ina tari, na ga Falmata. Ba tabarau, ba komai, ruwa na zuba daga gashin girarta. Dattijon ya gaya mana daga baya cewa kafin ya miƙe har ta yi tsalle, ta nutse, ta taso, ta nufo ni tana dukan ruwa da hannu bibbiyu.

Kin san abin da ta fara ce mini? "Yapendo, ban ce maka ka cire wannan abu ba? Kai ba ka jin magana." Muryarki sak.

Aka jefo mana igiya muka riƙe. Sai a lokacin ta lura da inda take. Na ga idonta ya fara kafewa irin na ranar wankan nan. Na yi shiru. Ina jin tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin shiru a inda ya dace ba sai ranar. Zuhura ta iso ta miƙa mata tabarau. Falmata ta daɗe tana kallonsa. Ta sa. Ba ta saki hannuna ba, ta sunkuya a hankali ta sa fuskarta a ruwa.

Na tsaya ina kallon ƙeyarta ina jira ta zabura. Ba ta zabura ba. Ina jin numfashinta a bututun, da farko da sauri, daga baya ya daidaita. Na yi kuka, ba wanda ya gane, kowa fuskarsa a jiƙe take.

Da rana aka sauke mu a wani tudun yashi fari a tsakiyar teku, aka gasa mana kifi, aka yanka abarba. Falmata ta ga hannuna yana jini. Faratanta ne suka shiga, sawu huɗu a jere. Ta ɗauko auduga daga jakarta ta zauna tana goge mini, sai hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon sawun.

Ta ce, "Yapendo, ni duk tsammanina Mama ya sake ni ne a cikin ruwan nan. Zani ya kwance, na ji ina tafiya. Kuma ya zo nan ya sake bari na." Ta taɓa idon sawunta na dama. "Yanzu na tuna. Haka ya riƙe ƙafana ta baya. Har ya yi mini ciwo. Bai sake ni ba."

Kaltume, ke ba ki taɓa gaya mini zanin ya kwance ba. Da hannu ɗaya kika haye kogin nan ashe.

Daga nan har muka koma gaɓa tambaya take yi mini. Wace miya kika fi so, yaya kike ɗaura ɗankwali, da gaske ne kin taɓa bin ɓarawon kaza da muciya har bakin titi. Na ba ta duk abin da na adana, har da ƙari kaɗan, kin san hali. Tun da muka dawo Jimeta ta nemo kaskon turarenki a ɗakin ajiya. Alwala yanzu da tafi cike take yi, ina leƙenta ta taga. Ran nan mun haye gada za mu Girei, idonta a buɗe, har ta nuna mini masu jefa taru.

Ita ta ce in rubuta wannan. Ta ce, "Ka rubuta masa, ko Allah zai sa ya gani. Ka ce na daina fushi."

Modibbo ya sha tambayata ko lokaci ya yi da za a tara malamai a yi miki addu'a irin ta waɗanda suka riga mu. Kullum cewa nake a dakata. Don haka ga addu'ata yadda na iya. In kina raye, Allah ya ba ki lafiya, ya sa wani mai karanta wannan ya san wata Kaltume mai wushirya, mai raina shayin mutane, ya gaya mata 'yarta na nemanta a Rumde. In kuma ya riga ya karɓe ki, ya yalwata makwancinki, ya sanyaya shi, ya isar miki da saƙon yarinyar nan, don na san shi kike jira. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kada wata uwa ta sake shiga kogi da goyo. Amin.

Amanarki tana nan lafiya, ƙanwata. Ki zo ki gani da idonki.

Taki har kullum,
Addarki Dudu,
Rumde, Jimeta.