Ni Na Sauke Hotonka, Sha'aibu

Zuwa ga ƙanena Sha'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima. Ni ce yayarka Mariyama ta Sabon Gari. Shekara biyu ke nan da aka kawo mana labarin an yi muku kwanton ɓauna a daji, kuma sai yau na zauna rubuta maka. Laifi na yi maka, gara ka ji shi daga bakina.

Bari in fara da abin da Maraɗi ke ciki. Wasu hotuna ne suka bi wayoyin mutane, wai na wata liyafar manyan hafsoshi. Motoci sababbi fil a jere, raguna a gashe, har da wani irin kifin teku da ban san ta ina ake fara cinsa ba. A makon ne kuma aka ce taimakon hatsi na bana ba zai kai kowa ba, sai wanda ya fi kowa talauci. Shi ke nan gari ya kama. A rediyo gardama, a bakin kasuwa gardama, ɗan kabu-kabu ma yana tuƙi yana juyowa ya gaya maka ra'ayinsa.

Wasu na cewa wanda ke tsaron ƙasa dole ya ci mai kyau. Wasu na cewa sojoji sun cinye ƙasar. Ni duka biyun haushi suke ba ni, wallahi. Kowa "soja, soja," sai ka ce soja mutum ɗaya ne mai ciki ɗaya.

Na tuna hutunka na ƙarshe. Ka sauka gida a Tsibiri da takalmin aikinka a leda, bakinsa a buɗe, ka kai wa baduku ya ɗinke. Inna ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ka ci malmala uku kana gumi, ina yi maka tsiya wai ko a barikin ba a ɗora tukunya. Ka yi dariya ka ce, "Yaya, a daji garin rogo muke jiƙawa, ranar da aka samu sukari ranar sallah ce." To wane soja ake nufi da mai cin kifin teku? Ba dai kai ba.

Bayanka abubuwa ba su yi daɗi ba. Abin da aka ba matarka Rakiya ya tafi a jinyar Inna. Bara gulbi ya cika ya kwashe gonar, damin da muka ɗaure ko watan azumi bai kai mu ba. Rakiya har Jiratawa take zuwa tsinkar zogale a lambun mutane, ta dawo da abin da bai fi tiya ɗaya ba. 'Ya'yanka uku sun koma cin abinci sau ɗaya a yini. Ni kuma ka san ƙarfina, ƙuli-ƙuli ne da man gyaɗa, ga nawa bakunan.

Sai masu rubuta sunayen waɗanda za a ba hatsin suka zo, gida-gida suke shiga suna duba halin mutane. Ka san hoton nan naka da ka sa aka wanke babba, kana cikin kaki, hula a karkace, wanda Inna ta rataye saman gadonta? Suna shiga ɗakin shi suka fara gani. Inna kuwa, baiwar Allah, ta miƙe da sandarta tana nuna musu da alfahari, tana cewa ɗanta ne, soja ne, a bakin aiki ya cika. Suka yi mata ta'aziyya da ladabi. Mai riƙe da takardar ya ce wa ɗan'uwansa, "Gidan soja ne, su ana kula da su." Ko rumbun ba su leƙa ba, balle su ga kaza ce ke ƙwai a ciki.

Da aka kafa sunaye, babu na Rakiya, babu na Inna.

Kai, ranar na yi faɗa! Na hau kabu-kabu har Tsibiri, na tsaya ƙofar mai unguwa ina magana har maƙwabta suka fito. Ya bar ni na gama, sannan ya ce wasu za su sake zagayowa saboda masu kuka, kuma ba waɗancan ba ne. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, yanzu mutane a cike suke da masu kaki. Ku sauke hoton, kuma kada a ambaci soja." Na so in zage shi, sai na ga gaskiya yake gaya mini.

Na je na lallashi Inna. Na bi ta nan, na bi ta can, na ce kwana ɗaya ne tak. Ta ce, "Ban haifi abin ɓoyewa ba." Ka san ta in ta kafe. Kullum da safe sai ta goge gilashin da bakin zanenta, ta gaya maka wanda ya haihu da wanda ya mutu a unguwa.

Ranar da za su zo, na sa mijina ya ɗauke ta zuwa likita a Maraɗi, wai a duba mata hawan jini. Suna fita na taka gado na sauke ka. Na naɗe ka a tsohon zane, na tura ƙarƙashin akwati. Wurin ya bar tabo a bango, fari tas mai kusurwa huɗu, na rataye faifai a kai. Na zaunar da Rakiya na ce in an tambaye ta aikin mijinta ta ce manomi ne. Na ce ai ba ƙarya ba ce, ka yi noma kafin ka sa kaki. 

Suka zo, suka leƙa rumbu, suka ƙirga yara. Suka tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Manomi ne." Muryarta ko fita ba ta yi sosai ba. Suka rubuta sunanta.

Na yi niyyar mayar da kai kafin Inna ta dawo, sai ga su sun riga ni, layin likita bai yi tsawo ba ranar. Ta shiga ɗaki ta ga faifai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Na jawo akwati da sauri zan ciro ka, ta ce, "Bar shi inda kika sa shi. Na farko an binne shi ban gani ba, na biyu kuma 'yar'uwarsa ce ta yi."

Sha'aibu, buhun ya zo. 'Ya'yanka suna cin tuwo safe da yamma, ƙaramar har ta fara gudu a tsakar gida. Inna ba ta sa hatsin nan a bakinta, hura take sha ta gidan maƙwabta. In na gaishe ta takan amsa, amma ba ta duban fuskata. Kana nan ƙarƙashin akwati, ta hana kowa taɓawa.

Har yanzu ana ta gardamar a rediyo, ni dai kashewa nake yi. Su masu liyafa ba wanda ya ce su ɓoye kakinsu, da shi suka zauna aka ɗauke su hoto. Naka da ka mutu a cikinsa shi ne ya zama abin da za a tura ƙarƙashin akwati kafin marayunka su samu tuwo. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ban san wanda zan kama ba. Masu rubuta suna? Yara ne aka aiko. Mai unguwa? Taimako ya yi. Sai in juyo in ga hannuna ne ya sauke ka.

Ƙanena, kai ne ka taɓa ɗaukar dukan da ya kamata a yi mini ranar da na fasa tulun Inna, ba ka tona ni ba har ka girma. Na san halinka, shi ya sa nake da ƙarfin roƙonka. Ka yafe mini. Amma ba zan yi maka ƙarya ba: in suka sake zagayowa baɗi, rumbu babu komai, zan sake cewa manomi ne.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka a dajin da ban san hanyarsa ba. Allah ya raya maka 'ya'yanka, ya ba mu damina mai albarka, ya sanyaya zuciyar Inna a kaina tun tana da rai.

Yayarka mai laifi,
Mariyama