Ƙafar Kujerar Inna

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Maiduguri? Ina fatan Anti Falmata da yara suna lafiya.

Ƙafar kujerar da ka saya wa Inna ta karye. Ni na ɗora ta a adaidaita daga Fagge zuwa Sabon Gari, na wuni a kan kafinta Emeka har ya sassaƙa mata sabuwa. Da na dawo, Inna ta zauna, ta jijjiga ta, ta ce, "Allah ya yi wa Bukar albarka, kayansa akwai ƙarko."

Ni ko sannu ban samu ba.

Ka gaishe da kowa. Ka kuma sa ni a addu'a, don wallahi na fara jin haushinka, alhali ba ka yi mini komai ba.

Ƙanwarka,
Yagana