Sunan da Inna Ba Ta Faɗi

Zuwa ga ɗana Abdurrazak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya a can Dakar. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya maido mana kai lafiya. Mu nan Dakoro sai godiya. Gero ya yi kyau bana, 'yar'uwarka Haula ta sauka lafiya an sami mace, ƙafar kakarka Inna kuma ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida da sandarta. Da gangan na ɗauki biro ban kira ka ba, don yanzu ko ganin salula ba na so.

Maganar shafin nan ce da kuka buɗe a intanet na tarihin Dakoro da kewayenta. Ba zan ƙi gaskiya ba, da farko na yi murna. Ni da na tsufa ina koya wa yara a lakwal labarin garuruwan da ban taɓa takawa ba, sai ga tsohuwar taswirar ƙasarmu, ga hotunan kasuwar dabbobi tun tana fili, ga muryoyin tsofaffi kan shekarun yunwa. Gida gida na bi ina nunawa, ina cewa aikin ɗan ƙanena ne. Ban san har da hirarka da Inna ka zuba a ciki ba, sai ranar kasuwa da zan wuce teburin mai shayi na ji muryar uwata tana fita daga salular wani saurayi. An yanko wuri guda, an sa masa kiɗa, yana ta maimaituwa, suna ta ƙyalƙyata dariya. Wallahi daga nan na juya na koma gida ban sayi komai ba.

Ka san wurin da nake nufi. Tun da aka kawo Inna gidan marigayi Baba, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Malam take cewa. Ɗan maƙwabta da ya ci sunan, mai sunan Malam take kiransa har ya yi furfura. Kai da ka zo hutu ka zauna mata kan tabarma da wasan jika, kana angonta tana amaryarka, kana cewa tarihi ba ya tsayuwa sai da suna. Ina wurin ka ce mata hirar da kake naɗa ta gida ce, don jikoki. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa can ƙasa-ƙasa, ta bi da wata 'yar dariyar kunya. Wannan dariyar ce yau take yawo daga nan har Korahane. Tir da wannan aiki, Abdurrazak.

Babanka ya gaya mini ka ce ba kai ka yanka ba, wasu ne, kai ilimi ka nufa. Na yarda. Amma wanda ya bar ƙofar garke a buɗe ba ya zagin kura. Kun iya tantance shekarar da aka zana taswira, kun rubuta sunan Baturen da ya ɗauki kowane hoto don kada ku ci haƙƙinsa, tsohuwar da ta goya ka kuwa ba ta isa a nemi izininta ba. Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan.

Mun so mu ɓoye mata, sai wata baƙuwa ta kunna mata a wurin sunan jaririyar Haula, wai ta zama tauraruwa. Inna ba ta yi faɗa ba. Sandarta ta nema ta koma ɗaki. Tun ranar ba ta ƙara ba kowa labari ba, ko jikoki. Mushe Saminu mai koyar da tarihi a sakandare ta lise ya zo takanas ya tambaye ta waɗanda suka haƙa tsohuwar rijiyar unguwar su Inna a Korahane, da yadda aka taso lokacin fari, abin da ita kaɗai ta rage ta gani da idonta. Ta ce ya je ya tambayi salula, ita salular ba ta jin kunyar kowa. Ka ga ribar shafinku, kun sami suna guda, kun rufe sauran tarihin.

Na san magana zarar bunu ce, abin da ya shiga salulolin mutane ba ya dawowa. Duk da haka ka cire hirar daga shafin. In an yi hutu ka zo ka durƙusa gabanta hannu wofi, ba salula, ban sani ba ko za ta buɗe baki. Shekarunta ba na jira ba ne.

Ka gai da kawunka Halidu da matarsa Baraka da suke riƙe da kai. Babanka da Umma da Haula suna gaishe ka. Na gaya wa Inna ina rubuto maka takarda, na tsaya bakin ƙofarta ina jiran saƙon da ta saba ba angonta. Carbinta kawai ta ci gaba da ja.

Gwaggonka,
Rahinatu